Wankin da Inna Ta Yi wa Murfin Inji

Zamanin Turawa, lokacin da motocin da ke shiga Isa ba su cika yatsun hannu ba, ni ke tuƙa ɗaya daga cikinsu. Tsohuwar motar soja ce da maigidana, wani bafatake mai kai kaya Sabon Birni har ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ke mulka, ya saya bayan yaƙi. Ba yabon kai ba, na san motar nan kamar yunwar cikina. Ciwonta ɗaya: tana yoyon baƙin mai ta gefen murfin da ke rufe saman inji. Maigida ya gaji da tabon mai a ƙofar gidansa, har ya aika Ƙaura a zo masa da wani direba. Ya ce in ba ta bar yoyo ba kafin kasuwar Sabon Birni, makulli ya bar hannuna.

Na ce masa za ni gyara ta, kuma ban faɗa da tsoro ba.

Na kwance notuna da sifana ina zubawa cikin hula, na ɗan bubbugi murfin da itace har ya saki. Shimfiɗar da ke tsakaninsa da inji ta bushe tana ɓarewa kamar ƙanzo, ita ce ɓarauniyar. Na rufe injin da tsumma mai tsabta. Murfin kuwa duk tsatsa da dauɗa, sai na ƙudura in yi masa koren fenti, don a kan sabon fenti ko ɗigon mai ba ya ɓuya. Na kai shi gida na jingine a tsakar gida, na tafi wurin baduku ya yanko mini sabuwar shimfiɗa daga jemammiyar fata.

Ni ne ɗan farin Inna. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido da ido, kuma tun da na bar gonarmu ta Kamarawa na kama tuƙi ba ta taɓa tambayata ya aiki ba. Da na dawo daga wurin baduku sai na iske murfin yana ƙyalli cikin rana. Ta dirje shi da yashi da toka, ciki da waje, yadda take yi wa tukunya.

"Na ga kwanon ga naku ya yi dauɗa," in ji ta, tana kallon wani wuri.

Daɗi ya cika ni, wallahi, sannan na tuna da wani abu. Cikin murfin akwai wani faifan ƙarfe da aka maƙale, hannu ba ya shiga bayansa, amma yashi ya shiga. Ƙwaya kaɗan in ta bi mai ta sauka cikin inji, sai ta cinye shi kafin mu ga Sabon Birni. Na yi mata godiya, na ɗauki murfin.

Na shafa wa bayan murfin fenti, ya bushe, ya yi kyau abinsa. Cikin kuma na yi ta zuba kananzir ina girgizawa ina tacewa da ƙyalle. Har safiyar kasuwa, duk tacewa sai na ji yashi yana ƙaras-ƙaras tsakanin yatsuna.

An gama lodi mota ba ta tashi ba, sai ga maigida har ƙofar gidanmu da direban Ƙaura a bayansa.

"Ga murfi ya sha fenti," in ji maigida. "Mi kake jira?"

"Maigida, yau ba ta tafiya. Gobe in Allah ya so."

"Dalili?"

"Bai yi ba tukuna."

Ransa ya ɓaci. Ya miƙo hannu, na ciro makulli na ba shi, ya miƙa wa baƙon ya ce ya ɗaura murfi su tafi. Raina ya sosu, amma na san abin da na sani. Na ce wa baƙon, "Abokin aiki, zura yatsa bayan faifan ga kafin ka ɗauka."

Ya zura, ya murza, ya kai yatsan ga haƙori. Sai ya ajiye murfin a hankali ya ce ko shi ba ya ɗaura wannan a inji, ko da motar maƙiyinsa ce.

Maigida ya juyo kaina. "Wane mugu ya zuba wa motata yashi?"

Mutane sun fara taruwa. Inna na tsaye bayan zana, ina ganin ƙafafunta. Da ta ji an kira ta muguwa gaban jama'a, gara makullin ya tafi Ƙaura kada ya dawo.

"Ba mugu ba ne," na ce. "Kuma ba ni faɗi."

Ya dube ni. Ya dubi murfin, ya dubi tukwanen da aka kife bakin zana suna ƙyalli iri ɗaya da cikinsa. Shi ma uwa ta haife shi. Ya karɓi makullin daga hannun baƙon ya jefo mini.

"Gobe da asuba," ya ce, ya juya.

Da suka watse, Inna ta yi magana daga bayan zana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kai wanga, wankin bai fita ba ne?"

"Ya fita tas, Inna," na ce, na jawo kwalbar kananzir.