Ranar da Aka So Ƙona Gawar Baba

Wata Talata a daminar 1998, ina 'yar shekara goma, na tsaya a barandar wani asibiti a Guangzhou ta ƙasar Sin ina fassara wa Umma abin da bakina ya ƙi ɗauka. Baba ya rasu da safen nan, ma'aikacin asibitin kuma ya ce a garin nan ƙona gawa ake yi. "Ki ce masa Musulmi ne! Ba ma ƙona namu!" in ji Umma. Na faɗa, na maimaita, shi dai amsarsa ɗaya, "meyo", wato babu. Umma ta zauna daɓas a ƙofar ɗakin gawa, ta ce sai dai a haɗa da ita. "Hadiza, ruga ki nemo mana Musulmi ko waye."

Fataucin takalma ne ya kawo Baba daga Kano. A ɗakinmu can saman bene, tsakanin kayan da yake sarowa a kasuwar Zhanxi, yakan shimfiɗa kwali ya ja mu salla, ba ladan sai kukan jirgin ƙasa. Ni kuwa makaranta ta tafi da ni, Sinanci ya zauna a bakina daram, tsallen roba ya fi mini karatun addini daɗi. In yana ba ni labarin Musulmin Andalus da sarakunan Kirista suka hana su yi wa mamatansu sutura, hamma nake yi.

Cikin ruwan sama na ruga wurin wani tsoho Basine mai farar hula da ke sayar da taliya a layinmu. Ya dubi kayan makarantata da kaina ba ɗankwali, bai yarda ni Musulma ba ce. Ya ce in ja masa karatun salla. Na fara, a tsakiya ya ƙwace mini. Na sake, ya sake tsayawa nan. Tsoro ya kama ni, na ga wuta na cin Baba saboda bakina, na fashe da kuka. Sai tsohon ya ɗora daga inda na tsaya, a hankali, muka ƙarasa tare. Ya kashe murhunsa, ya kai ni wurin limaminsu. Washegari aka binne Baba a maƙabartarsu.

Yau a Kano kiran salla ta ko'ina yake shigo mini, 'ya'yana ba sa ko ɗaga kai. Baba kuwa yana can kwance cikin mutanen da bai san harshensu ba, yana fuskantar alƙibla. Har yanzu in na zo wurin nan da karatun ya ƙwace mini a salla, muryar mai taliya nake ji.