Tumbin Ƙyallen Jirgi

Hamissou tela ne ɗan Damagaram, ya daɗe yana ɗinka tantuna a wata ma'aikata a unguwar Al-Sulay, can ƙasar Larabawa. Ba abin da ya tsana kamar ɗinki mai tattarewa. Ko a masallaci ya hango riga ta karkace, sai ransa ya ɓaci.

Wata rana kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya kawo wani makeken ƙyalle, ya ce na jirgin tseren ɗansa ne, irin mai kwale-kwale biyu a haɗe wanda iska ke turawa. Gefe ɗaya ya yage, a gyara.

Da Hamissou ya shimfiɗa shi, sai tsakiyar ta ƙi kwanciya, ta yi tumbi. Ya ja tsaki ya ce, "Wane ragon tela ne ya yi wannan aika-aika?" Ya ɗinke yagar, sannan don kyautatawa ya farke sauran ɗinkin, ya rage, ya mayar da shi sumul kamar tabarma.

Bayan tseren, ɗan kafili ya zo yana huci. Ashe tumbin nan da gangan aka yi shi, shi ke kama iska. Sun ja igiyoyi, sun sassauta, sun karkata sandar ƙyallen, jirgi ya ƙi gudu. Su suka zo na ƙarshe.

Yanzu iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kafili ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Hamissou bai taɓa ganin teku ba, kuma tun da yake bai taɓa ɗinki mai kyau kamar wannan ba.