Injin Faskaren da Ba Ya Ƙarewa

Mijina ya ƙera mini injin faskare, kuma har damina ta wuce da gatari nake faskare. Wannan shi ne ƙorafina, ba kuwa zan sassauta shi don mutumin kirki ne ba.

Wake da shinkafa nake dafawa a Ayigya Zango, ɗaliban jami'a da direbobin toroto, ƙananan motocin haya, su ne masu ci. Tukwanena manya ne, gas ba ya biyan su, sai itace. Tun ina da ƙarfi ni nake fasa gungumena, har kafaɗata ta dama ta fara ƙi. Da safe sai na kama hannun da ɗaya hannun kafin in ɗaura ɗankwali. Likita ya ce in ajiye gatari. Na tambaye shi ko shi zai zo ya hura mini wuta.

A lokacin Maigida ya bar Magazin, unguwar makanikai, inda ya yi rayuwarsa yana gyaran manyan motoci. Gwiwa ta hana shi shiga ƙarƙashin tifa. Ya kwaso injin walda da akwatin sifanu ya kafa rumfa a bayan gida, ya ce zai raba ni da gatari. Ya samo jak na tsohuwar tifa, irin mai ɗaga bodi, ya kwantar da shi kan dogon ƙarfe, ya haɗa masa famfon mai da moto, ya liƙa baki irin na gatari a ƙarshe. Ka ja liba, jak ya turo gungume, gungume ya tsage kamar rogo. Ranar da ya fara aiki na yi guɗa, ban ɓoye ba.

Washegari na fito na tarar da shi a wargaje.

Wai yana tafiya a hankali, za a sa babban famfo. Aka sa, sai tiyo ya fashe, mai ya wanke mini tsakar gida har kaji suna santsi. Aka canja tiyo. Injin ya yi aiki yini guda, sai Maigida ya ce bakin gatari guda ɗaya ɓata lokaci ne, zai yi mai giciye, gungume ya fita kashi huɗu. Bayan giciye, tayoyi. Bayan tayoyi, wani hannu mai ɗaga itace daga ƙasa. In an ɗauke wuta ya zauna yana zane a ƙasa da tsinke, in an kawo ya hau walda. Ni kuwa ina gefe ina kai sara da hannun hagu, gatari yana gocewa, ina jin kowane sara har cikin haƙorina.

Ban iya zama ba a kwanakin nan. In leƙa rumfa, in koma murhu, in sake leƙawa. Ko a ajin manya da nake zuwa da yamma, inda na koyi karatu bayan jikoki sun fara zuwa, sai malama ta kira ni sau biyu kafin in ji. Hankalina yana kan tulin gungumen da ke jiƙewa a bakin ƙofa.

Tsoffin abokansa na Magazin suka mai da rumfar majalisa. Kowa da shawararsa, da Hausa da Turanci da Asantanci, ba wanda ya taɓa dafa ko ruwan zafi. Ɗaya ya ce a sa masa hon. Na ce a sa, ya riƙa kiran masu cin wake su zo su ci ɗanye.

Wata yamma injin ya tashi lafiya lau. Ya fasa kututturen darbejiya mai ƙulli da na yi wata ina kewaya shi. Ina tsaye na ga Maigida ya shafa ƙarfen, fuskarsa ba murna. Ya ce gobe zai sauke famfon, akwai wata 'yar ƙara da ba ta yi masa ba.

Na ce, "Masta," don haka yaransa suke kiransa a da, kuma ya san in na faɗa ba yabo ba ne, "ƙarar da nake ji ta kafaɗata ce."

Ya ce, "Hajiya, aiki ne ba a gama ba."

"Yaushe za a gama?"

Ya ɗauki tsumma yana goge sifanar da ba ta da datti, yana kallon rumfar, inda ba komai sai injin nan. Can ya ce a hankali, "In na gama, sai me?"

Na ji maganar. Mutumin da manyan motoci ke layi a gabansa, yanzu abin da ya rage masa ke nan. Na ji tausayinsa, kuma tausayin bai rage mini ciwo ko kaɗan ba. Na ce masa akwai injin niƙan maƙwabciya da ya mutu tun azumi, ga ƙofar makarantar allo da ta karye, duk suna jiran mai walda. Ya ce waɗannan aikin yara ne. Na bar shi a nan, don in na ƙara magana zan faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Da asuba, yana fita masallaci, na ja akwatin sifanun da hannun hagu har ɗakina, na tura shi ƙarƙashin gado, na kulle ƙofa, na ɗaure makullin a bakin zanena. Sai na nufi rumfa. Libar injin ya sa ta daidai tsayinsa, ni kuwa gajeriya ce, sai na kife turmi na hau. Na mirgina gungume na farko kan ƙarfen, na kunna moto, na ja.