Taƙi ɗaya da yatsa huɗu: zuwanmu Garwa sayen kayan kwamfuta

Ko tabarmar sallar asuba ban naɗe ba muka bar Gider, ni da babbar 'yata. Shekara biyu tana tara kuɗin kitso don ta haɗa kwamfutar wasa da hannunta. Akwatin injin da akasarin kayan cikinsa suna gida tun bara. Abin da ya rage shi ne katin da ke fitar da hoto, wanda take kira kart girafik, sai abin raba wuta. Ni dai rakiya na yi, don ba na son budurwa ta shiga mota ita kaɗai da kuɗi a ƙugu.

Motar ajans, wato ta kamfanin sufuri, ta cika maƙil. Wani dattijo ya ɗora mini buhun albasa a ƙafa, ya ce in yi haƙuri, nan kusa zai sauka. Tare muka sauka a Garwa. A hanya, a Pituwa, na sayi gyaɗa dafaffa ta ɗari, na miƙa wa yarinyar, ba ta ko ɗago ba. Tana ta rubutu a waya da Tantinta, wato ƙanwata da ke aure a unguwar Jambutu a Garwa, wadda ta yi boko har ta gama lise, wato sakandare. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yamma, bayan na haifi uku.

A tasha ƙanwar tawa ta tarye mu. Yarinyar da ta yi shiru tun daga Gider sai ga ta ta rungume ta, baki ya buɗe, Faransanci kamar an kunna rediyo. Suka shige gaba hannu cikin hannu, ni ina baya riƙe da jaka. Da muka zauna cin gasasshen kifin Binuwai, kifi mai daɗi mai tsada, ƙanwata, da ke kirana Adda, ta ce, "Adda, ki bar mini ita mana. Nan wuta ta fi zama, ga intanet. A haɗa injin a ɗakina." Yarinyar ta yi murmushi. Murmushin nan ya hana ni ƙarasa kifina.

Shago huɗu muka shiga. Na koyi cewa kayan nan kamar ɗinki ne, ba kowane hannu ke shiga kowace riga ba. Kati mai ƙarfi yana son abin raba wuta mai ƙarfi, in ba haka ba injin ya riƙa mutuwa ana tsakiyar wasa. Akwai sabo a kwali, akwai wanda aka yi aiki da shi aka goge, kuma mai shago ba ya karɓar abin da ya fita ƙofarsa.

A shago na ƙarshe aka fito da wani dogon kati mai fanka uku, na hannu, wai an rage kuɗinsa. Ƙanwata ta ce shi za a ɗauka. Idon 'yata ya kafe a kansa. Ni kuwa tsawonsa nake kallo. Ba wanda ya sani, tun bara a cikin akwatin nan da ba komai a ciki nake ɓoye zarena da almakashi saboda ƙannenta, har na yanka kwali daidai cikinsa. Na sa hannu na auna katin yadda nake auna yadi, daga babban yatsa zuwa manuni. Taƙi biyu cif.

Na ce a hankali, "Ba zai shiga ba. Cikin akwatinki taƙi ɗaya ne da yatsa huɗu."

Ƙanwata ta yi dariya. "Adda, ai ba zane ba ne. In bai shiga ba a sayi sabon akwati nan, a haɗa a gidana."

To, abin da nake tsoro ke nan. Yarinyar ta dube ta, ta dube ni, ta duba awon akwatin a wayarta, ta ari ma'aunin mai shago. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Inna ta yi daidai." Mai shago ya ce, "Hajiya, ko za ki zo ki kama mini aiki?"

Yarinyar ta ɗauki ƙaramin kati sabo mai fanka biyu, wanda ya ishi wasanninta, da abin raba wuta daidai shi. Da abin da ya ragu ta sayi regilater mai daidaita ƙarfin wuta, saboda wutar Gider ba ta da alkawari.

La'asar sakaliya muka iso gida. Na kwashe zarena ina jin kunya, ta haɗa sauran kayan, ta zura katin, ya zauna, har da sauran wurin yatsa biyu. Da hoto ya fito, wa ta fara kira? Tanti. Na tsaya a bakin ƙofa ina saurare, har na ji ta ce cikin Hausa, "Ya shiga, Tanti. Awon Inna ne."

Abin da tafiyar ta koya mini: a auna gida kafin a je kasuwa, kuma babba ba shi ne daidai ba. Kishin ƙanwata kuwa bai bar ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma injin a ɗakina yake ƙugi, kuma ni nake kiran yarinyar cin tuwo sau uku kafin ta ji.