Silifas a Bakin Ƙofata

A shekarar korona, da aka dakatar da jirage, ƙanwata da ta zo Dubai sarin jakunkuna ta maƙale a ɗakina a unguwar Naif. Dokar mai gidan kuwa mutum ɗaya a ɗaki. Idan wakilinsa ya ga na biyu, dukanmu sai titi.

A zaman kullen nan ne wata maƙwabciyata 'yar Nijar ta ɓata ni da tsofaffin fina-finan Faransa, tana fassara mini. Duk fim ɗin zamanin da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar, sai an nuna wata tsohuwa mai tsaron gida a ƙasan bene, da tsintsiya da tarin makullai, tana leƙe ta labule. Ita ta san wanda aka ɓoye, kuma sau da yawa ita ke kai tsegumi.

To, mu ma muna da tamu: wata Hajiya 'yar Kano mai sarin takalma, ɗakinta daf da ƙofar shiga, makullan gidan duk a hannunta. Na koma gaishe ta daga nesa. Na hana ƙanwata leƙa waje, har tari sai cikin matashi. Ina ta yaba wa kaina wayo. Na manta 'yar gidanmu ba ta shiga ɗaki da takalmi. Sati uku manyan silifas ɗinta na ajiye a bakin ƙofata kusa da nawa ƙanana, kullum ina tsallake su.

Ran da wakilin ya zo zagaye, saboda cutar ba ya shiga ɗakuna, bakin ƙofa kawai yake duba. Sai da ya ƙwanƙwasa na tuna. Na buɗe, na ga takalmana su kaɗai. Hajiya na bayansa tana kaɗa makullai, ƙafarta cikin silifas ɗin ƙanwata.

"Wannan ita kaɗai ce, habibi, ko miji ba ta da shi," in ji ta. "Yalla, mu je."

Da ya tafi ta dawo da kwanon tuwo, malmala huɗu.

"'Yata, sati uku ina jiran ki kawo mini baƙuwar ta gaishe ni."

Kunya ta hana ni ɗaga kai.

"Takalmin kuwa ya yi mini daidai," ta ce. "Ba zan mayar ba."