Wadda Ba a Kawo Awo Ba

Abin da na fara gani da muka isa Gangara wata yarinya ce zaune a gindin aduwa, ita kaɗai ba ta taso kallon mota ba. Sauran yara sun kewaye mu har direba yana kora da hularsa, ita kuwa kunne kawai ta karkato. Idanunta sun kumbura, kwantsa ta manne gashin idon, tana korar ƙudaje a hankali kamar wadda ta saba. Rigarta shuɗiya ce mai zanen ganye, ɗinkin hannu, an yi kalmasar ƙanana-ƙanana da kulawa.

Da asuba muka taso daga Tanut, ni da direba da anfirme mai ba da magani da wata anasara likitar yara da kowa ke kira Madam. Bincike take yi kan girman yara a ƙauyukan Damargu. Anfirme namiji ne, ba ya shiga wurin mata, shi ya sa aka nemi ƴar lakwal, wato makarantar boko, mai jin Faransanci, mushenmu mai koyar da mu ya nuna ni. Ya ce ba na surutu, ba zan ƙara gishiri a maganar mutane ba.

Hanya rairayi ce zalla. Damina ta ja baya, gero ya fid da kai, rumbuna sun yi fayau suna jiran sabo. Mota ta kafe a wani kwari muka fito turi, ƙarangiya ta kama safar Madam har gwiwa, direba ya ce ai ga mutanen Damargu na farko da suka yarda a yi bincike da su. A wata rijiya mun sayi nono wurin Fulani, ya fi na kasuwar Tanut kauri da araha, wani Buzu kuma ya ba mu cuku kyauta don a duba masa haƙori.

An shimfiɗa mana tabarma a gidan mai gari. Aikin ba wuya. In tambayi mace damina nawa da aurenta, ƴaƴanta nawa, sai ta kawo su. Madam ta rataye yaro a ma'auni cikin wani wando mai igiya, ta auna tsawo da kaurin dantse, ta leƙa ido. Kowace uwa da katinta. Yaron da aka auna shi ne anfirme ke ba magani a ƙofar gida, don da lissafi aka ba shi maganin.

Can sai ga wata mata doguwa, da goyo da wani mai tatata. Ɗankwalinta shuɗi ne mai zanen ganye.

"Iya, ƴaƴanki nawa?" na ce.

"Ga su nan kina gani, ƴar lakwal."

Na ce wa Madam biyu. Aka auna su, lafiya lau. Matar ta tashi, ta sake durƙusawa, ta ce a ba ta maganin ido.

"Na wa?"

Ta gyara goyonta. "A dai ba ni."

Madam ta sake buɗe idon jaririn, fari tas. Ta ce a gaya mata ba a ba mai lafiya magani. Na gaya mata. Ta yi godiya ta fita. Na bi ta da ido ta zaure, na ga ta wuce gindin aduwa ba ta ko waiga ba, sai dai ta rage sauri.

Na san abin da na gani. Amma an ce in faɗi abin da aka faɗa ne, kuma ni ko a aji sai mushe ya kira ni sau biyu nake buɗe baki. Muka kwana, muka wuce Falanko, maganar na cikina kamar tsakuwa a takalmi.

Falanko ranar kasuwa muka same ta. Ga raƙuma, ga tabarmin kaba, ga masu gyaɗa suna rantsuwa da tiyarsu. Muka ci kwaɗon tafasa, Madam ta sha yaji har ta yi hawaye, ta ce a ƙara. Da la'asar ta baje katunanta a inuwa, ta danne kowane tsibi da dutse saboda iska. Ta ware su bisa daɗewar aure, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta kira mu.

Ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. Matan da suka daɗe da aure, babban ɗansu sai ka ga bai daɗe da yaye ba, kamar duk matan ƙasar nan sai sun yi shekaru kafin haihuwar farko. Ko wata cuta ce, ko yaran farko ne ke mutuwa? In haka ne, dole ta rubuta wa na sama.

Anfirme ya ce tsoron haraji ne. Direba ya ce a'a, tsoron lakwal ne. "Sun ga an kama wannan," ya nuna ni da haɓa, "ga ta nan ta koma kurma."

Madam ta dube ni. Ta ce ni ce na ji muryoyinsu, me na ji?

Ina kallon dutsen da ke kan katunan na ce, "Ba sa ƙirga ɗan fari."

Anfirme ya dafe kai, ya yi dariyar kansa. Ya ce wallahi tsohuwarsa har yau ba ta taɓa kiran sunan yayansa ba, shi dai bai ji tambayar da ake yi a ciki ba. Na yi wa Madam bayani da ɗan Faransancina. Kunya ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, galibi ma wurin kaka yake tashi. Ta tambaye ni to wa za a tambaya. Na ce kaka, ko maƙwabciya. Sannan na gaya mata zancen rigar da ɗankwalin.

Ta juya alƙalami a hannunta. Ta ce aikin Gangara sai an sake ke nan. Direba ya ce man mota ba zai kai ba sai in an fasa garin gaba. Ta ce a fasa, rabin gaskiya daga gari uku bai kai cikakkiya daga gari biyu ba.

Da muka koma Gangara tsofaffi muka tara. Nan na ga bambanci. Ka tambayi kaka jikokinta, sai ka roƙe ta ta yi shiru. Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya ta jawo yarinyar gindin aduwa.

"Sunanta Zuwaira, rubuta da kyau. Cinye mini fura kawai ta iya. Ku gyara mata idon ta ga irin munin da ta ɗauko."

"Naki na ɗauko," in ji yarinyar, ido a rufe.

Aka wanke idon da ruwan ɗumi, aka sa magani, aka koya wa tsohuwar yadda za ta riƙa sawa safe da yamma. Madam ta ce an zo da sauran lokaci, da an ƙara jinkiri da sai yadda Allah ya yi. Doguwar matar ba ta zo ba. Amma da za mu tashi mun tarar da ƙwarya a kujerar mota, ƙwan zabi cike, an rufe da faifai, kuma ba wanda ya ga mai ajiyewa.

Mun shigo Tanut da yamma, ƙafafuna duk ƙarangiya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ma'auni ba ya auna sai wanda aka kawo masa, kuma kafin ka yi tambaya ka san wa al'ada ta yarda ya amsa.

Ni ma ƴar fari ce. Kakata nake kira Inna, mahaifiyata kuwa Yaya, yadda ƙannenta ke kiranta. Na sami Yaya tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanena, "Gaya wa waccan akwai fura a ɗaki." Furar ta sha nono fiye da ta kowa, kamar kullum.

Madam ta ce in an gama girbi za ta auna yaran unguwarmu. Na sha furar, na fito na zauna kusa da turmi, na ɗauki tsakuwa ina wasa da ita. Mu huɗu Yaya ta haifa, ni da ƙannena uku.

Na ce, "Yaya, in Madam ta zo ta tambaye ki, ba sai kin faɗi sunana ba. Don Allah ki dai ce huɗu."