Motar Baffa da Ba Mu Buɗe Bakinta Ba

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ƙarar makullin nan da ya faɗa kan farantin shayi. Ƙil, ya yi. Baffana ne ya ajiye shi, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni a Ƙofar Ran tun ina maraya har ya aurar da ni.

A lokacin an mayar da maigidana aiki wani ƙaramin asibiti a Alkaleri. Kullum sai ya je ya dawo, don mahaifiyarsa na tare da mu, ga jiki ya yi rauni. Motocin haya ba sa tashi sai sun cika, har shugabansa ya ja masa kunne a kan latti. Shi ne ya shiga neman mota ta hannu. Shi da bakanikensa na unguwar Gwallaga sun samo wata ƙarama mai silinda huɗu, fentinta ya koɗe, amma an buɗe injin, an duba hayaƙi, an hau titi da ita, an ga mai kaɗan take sha.

Ana saura ciniki Baffa ya zo.

"Na ji kuna neman mota," ya ce. "Ga tawa. Abin da kuka tanada ya isa."

Maigida na durƙushe, kansa a ƙasa, sai godiya yake. Bayan Baffa ya tafi ya ce da ni a hankali, "Babba ce, silinda shida. Bari bakanike ya ɗan duba ta, ko mu gwada ta a hanyar Alkaleri zuwa Dindima."

Na dafe ƙirji. "Motar Baffa? So kake a ji a Ƙofar Ran surukinsa ya kai motarsa bincike kamar kayan sata? Da wane ido zan shiga gidan nan?"

Ya dube ni ya ce, "Allah ya sa albarka." Ni kuma na ji daɗi, a zatona na kare mutuncin kowa.

Motar ta yi kyau a ƙofar gida, wannan kam gaskiya ne. Amma in ta hau hanyar Gombe zuwa Alkaleri sai ta zama rijiya mai cinye mai da kuɗi. Na fara lura da jarkar ruwa a bayanta, da baƙin mai a hannun rigunansa idan na zo wanki. Ya daina kawo wa yara tsaraba, ya daina sayen abincin rana. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Sai ranar allurar rigakafin yara. Injin ya yi zafi, motar ta tsaya masa bayan gadar Dindima, ga magungunan a cikin motar, ga mata da goyo suna jira tun safe. Da ya dawo ko takalmi bai cire ba ya ce, "An ce in na sake, in nemi wani aikin." Na shiga ɗaki na yi sallah, amma kasa ɗaga hannu in yi addu'a na yi, don na san inda matsalar ta samo asali.

Ranar Juma'a na je gaida Baffa tare da ƙaramar 'yata, da niyyar in yi magana. Muka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi surukata, bakina ya ƙi buɗuwa. Yarinyar kuwa ta haye cinyarsa tana wasan jika da kaka.

"Tsoho, motarka ta fi raƙumi shan ruwa. Abba har tura ta yake yi!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya dube ni. "Tura ta? A ina?"

"Hanyar Alkaleri, Baffa," na ce.

"Alkaleri! Kullum?" Ya ajiye carbinsa. "Ni fa iyakata da ita masallaci da Kasuwar Wunti. Ai tsohuwa ce, ba ta doguwar hanya ba. Na zaci don zirga-zirgar gari kuke so. Bai nuna wa bakanike ba?"

"Ni na hana."

"Ke kika hana. Wato ni kika mayar mutumin da zai cuci 'yarsa, ya ji haushi don an duba." Bai ɗaga murya ba. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

A makon Baffa ya karɓi motarsa ya mayar mana da kuɗin, ya sa aka kira bakaniken nan da kansa. Ƙaramar ta farko an sayar, amma an samo irinta, aikin maigida ya tsira. Na koyi cewa kunyar da za ta hana ka tambaya ba ladabi ba ce, kuma motar hanya injinta ake dubawa, ba fuskar mai ita ba.

Ranar, a cikin keke muna komawa gida, yarinyar ta ga ina share ido da mayafi. Ta taɓa hannuna ta ce, "Umma, ai Tsoho ba ya cizo. Da kin tambaye shi kawai."